Tambaya da Amsa: Ɗana Lafiyarsa Ƙalau, Me Ya Kai Ƙwayoyin da Ba Sa Jin Magani Cikinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a jihar Jigawa. Bayan babbar salla wasu ma'aikatan lafiya suka zo garinmu da izinin mai gari, suka raba wa iyaye mata 'yan robobi masu murfi, suka ce a zubo musu bayan gidan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma na masu lafiya suke so. Na ba da na ɗana, shekararsa uku. Da suka dawo sai suka tara mu a ƙofar gidan mai gari, suka ce yawancin yaran, har da nawa, suna ɗauke da ƙwayoyin da ba sa jin Septrin da ampisilin da kafso ja-da-yalo. Anti, yaron nan ko sau ɗaya ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba, cin tuwonsa yake yana wasansa. Tun ranar na kasa barci. Uwar mijina, Inna, ta ce a sayo masa magani mai ƙarfi a wanke masa ciki. Abokiyar zamana kuma ta ce jikinsa ne ya saba da magani. Don Allah ina ya samo su? Kuma me zan yi?

Malamar firamare, daga Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya mana shi, ya albarkaci rayuwarsa. Ki koma ki yi barcinki, ɗanki ba shi da ciwo. Sannan ki roƙi Inna cikin ladabi kada a sayo wannan magani mai ƙarfin. Zan faɗi dalili dalla-dalla, domin wasiƙarki ta faɗo kan aikin da na yi shekaru ina yi da hannuna a ɗakin awo.

Bari in fara nuna miki abin da aka yi da robar da kika bayar. Ana laƙato ɗan kaɗan da tsinken waya, bai wuce ƙwayar gero ba, a shafa a kan wani ɗan faranti mai murfi da aka zuba wa abincin ƙwayoyi, wanda ya sandare kamar kokon da ya kwana. Sai a sa shi a akwatin ɗumi mai zafi daidai da na jikin mutum, digiri 37, ya kwana. Da safe in kin buɗe sai ki ga ɗigo-ɗigo ruwan hoda sun tsiro, kowane ɗigo miliyoyi ne da suka hayayyafa daga ƙwaya guda. Daga nan a ɗebi ɗigo ɗaya a shafe wani farantin da shi kaf, a jera masa 'yan fararen takardu zagayayyu kamar maɓallin rigar jariri, kowace da maganin da aka jiƙa ta da shi. A sake barin sa ya kwana. Inda maganin ke aiki za ki ga fili fes ya kewaye takardar, kamar gindin bishiyar da aka share, ƙwayoyin sun kasa matsowa. Mukan ɗora ma'auni mu auna faɗin filin da milimita. Inda ba ya aiki kuwa, sai ki tarar sun yaɗu har jikin takardar, sun lulluɓe ta. Abin da aka gani a farantin ɗanki ke nan a gefen takardar Septrin da ta ampisilin da ta tetirasaikilin, wato ja-da-yalo.

Ƙwayar da ake nema a irin wannan awo sunanta E. coli. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayaninta a 1885, kuma a bayan gidan jarirai ya gano ta. Tana cikin hanjin kowa, ni da ke da mai gari, tun daga kwanakin farko na haihuwa. Ita da dubban ire-iren bakteriyar da ke zaune a hanji 'yan gida ne. Suna taya narka abinci, wasu suna samar da sinadaran da jiki ke buƙata, sannan cika wurin da suka yi yana hana baƙin miyagu samun wurin zama. Masu bincike sukan zaɓi E. coli ne don tana da sauƙin tsirowa a faranti, kuma halinta yana nuna halin da garin yake ciki.

Maganar abokiyar zamanki kusan kowa haka yake faɗa, amma akwai gyara. Jikin yaro ba ya sabawa da antibayotik, wato magungunan kashe bakteriya irin su Septrin da ampisilin. Ƙwayar ce take koyon kare kanta. Wata takan fitar da wani sinadari mai datse maganin kamar almakashi tun kafin ya taɓa ta, wata takan tofar da shi waje da zarar ya shiga, wata kuma ta sauya ƙofar da yake bi. Bambancin yana da muhimmanci, domin in da jiki ne ke sabawa, da wanda ya sha shi kaɗai abin zai shafa. Tunda ƙwaya ce, tana iya tashi daga cikin wanda ya sha magani ta koma cikin wanda bai taɓa sha ba.

Hanyar da take bi kuwa kin san ta, sunanta ne ba a cika son faɗa ba: daga bayan gida zuwa baki. Yaro ya tsuguna a bayan danga, kaji suka tona, ruwan sama ya wanke ya gangara da shi rijiya ko kududdufi. Ƙuda ya sauka a can ya taso ya sauka a kan tuwo. Uwa ta wanke wa ƙarami da buta ba sabulu, ta tashi ta dama fura. Moɗa ɗaya ce kowa ke tsoma wa a randa. Mai rarrafe ya dafa ƙasar tsakar gida inda awaki da kaji ke kwana, ya kai hannu baki. Ba ƙazantar wata uwa ɗaya nake faɗa ba, Malama. Haka na tashi a gidanmu, haka zaman ƙauye yake inda babu masai isassu kuma ruwa sai an sha tafiya.

Akwai wani abin mamaki a halittar waɗannan ƙwayoyi. Dabarar kare kai a rubuce take a wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, kuma ƙwaya tana iya miƙa kwafinsa ga maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Sau da yawa zobe guda yana ɗauke da dabarar kauce wa magani uku ko huɗu a haɗe, shi ya sa ake ganin su tare kamar yadda aka gani a na ɗanki. Ga ta da saurin haihuwa: in ta sami wuri mai daɗi, E. coli tana rabuwa biyu duk bayan kimanin minti 20.

Ba a garinku aka fara ganin wannan ba. A shekarar 2002 wasu masu bincike suka auna bayan gidan yara 3,174 masu lafiya a garuruwa huɗu na ƙasashen Bolibiya da Peru, a Kudancin Amurka. Kashi 95 cikin 100 na yaran suna ɗauke da E. coli da ba ta jin ampisilin, kashi 94 ba ta jin maganin da muke kira Septrin, kashi 93 ba ta jin tetirasaikilin. Sun kuma shiga wani lungun ƙauye na ƙabilar Guarani a Bolibiya, inda ba kemis ba asibiti, magani kuma sai jefi-jefi yake isa. Nan ma kusan mutum biyu cikin kowane uku suna ɗauke da ita. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na wani ƙauyen 'yan ƙabilar Yanomami a dajin Benezuwela, waɗanda sai a 2009 ma'aikatan lafiya suka fara isa gare su. Da aka fitar da sakamakon awonsu a 2015, sai ga irin wannan rubutun gado na kare kai a cikin ƙwayoyin jikinsu, alhali ba a san sun taɓa haɗiyar kafso ba.

Dalili shi ne yawancin magungunan nan daga halittun ƙasa aka samo su. Penisilin daga fumfuna ya fito, tetirasaikilin daga wata bakteriyar ƙasa. Tun fil azal waɗannan halittu suke yaƙar juna da su, don haka makarin ma tsoho ne. An tono shi a daskararriyar ƙasar arewacin Kanada mai shekara 30,000. Abin da mu mutane muka yi shi ne muka share wa masu makari fili. Ki ɗauki gonar da aka yi wa feshi: duk ciyawa ta mutu sai iri ɗaya da ba ya jin maganin, badi shi zai cinye gonar. Kowane kafso da aka haɗiya haka yake yi a hanji. A nan gida ma an auna. Farfesa Iruka Okeke da abokan aikinta sun bi diddigin E. coli ta ɗalibai masu lafiya a Ile-Ife daga 1986 zuwa 1998. A farko kimanin kashi 35 cikin 100 na ƙwayoyin ne ba sa jin tetirasaikilin. A ƙarshen shekarun nan 12, dukkansu ne.

Za ki ce, tunda ba ciwo ba ne, ina abin damuwa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. E. coli a hanji 'yar gida ce, amma ranar da ta ɓata hanya ta shiga mafitsara, ko jini, ko jikin jariri wajen haihuwa, ta zama abokiyar gaba, kuma da makarinta za ta shiga. Ba na manta wata yarinya 'yar shekara huɗu da mahaifinta ya kawo daga ƙauye. Sati biyu tana zazzaɓi, an yi mata maganin cizon sauro har sau biyu, an ba ta Septrin, an ba ta Ampiclox, tana kuka duk sanda za ta yi fitsari. Ni na shafa fitsarinta a faranti. Da na buɗe akwatin ɗumi a rana ta biyu, takardu shida na magungunan sha duk an lulluɓe su. Guda ɗaya tak ta allura ce ke da fili a gefenta. Na ga uban a baranda yana ƙirga kuɗin da ke cikin hularsa, sannan ya fita ya yi waya gida a kai akuyar matarsa kasuwa. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi. Da a ce Septrin yana aiki kamar da, da kuɗin da bai kai na mudun gero ba ya ishe su.

Ba kowa ke tashi ba. Wani babban ƙiyasi da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kusan ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. In aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara, a duniya baki ɗaya kuma E. coli ce a sahun gaba.

Yanzu ga maganar Inna. Niyyarta alheri ce, jikanta take so. Amma magani mai ƙarfi in ya shiga hanji ba ya tantance na gida da baƙo. Zai kashe masu jin magani, waɗanda su ne ke matse wa marasa ji wuri, ya bar marasa jin su wataya. An gudu ba a tsira ba. An ga wannan ƙuru-ƙuru a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, a wani bincike da aka buga a 2011. Yaran nan dole ce ta sa ake ba su antibayotik, don rayuwarsu na cikin haɗari. Kusan ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyi masu datse har manyan allurai, irin da muke kira ESBL. Waɗanda suka zo ba su da ita kuwa, cikin waɗanda aka sake aunawa ranar sallama, kusan duk sun kwasa.

Labari mai daɗi shi ne ba lallai su dawwama ba. An bi matafiya 'yan ƙasar Holan kimanin 2,000 da suka fita ƙasashen waje. Kusan ɗaya cikin uku sun dawo da irin waɗannan ƙwayoyi a hanjinsu. Ba tare da an ba su komai ba, rabinsu sun rabu da su cikin wata guda, bayan shekara kuma kimanin ɗaya cikin goma ne kawai suka rage da su. Hanji yana gyara kansa in aka daina zuba masa magani kuma aka rage sabbin da ke shigowa. Su can sun koma inda ruwan famfo yake da tsabta ne, mu kuwa aikin rage shigowar yana wuyanmu.

Inda na fi so ki sa ido shi ne gudawa, domin nan ne muka fi ɓarnar magani. Na tashi ina ganin kakata, Allah ya jiƙanta, tana ɓare ja-da-yalo tana zazzage garin a cokalin koko, ta ɗura wa duk jaririn da aka ce yana zawon haƙori. Da ƙauna take yi, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan kafso ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, saboda yana rina haƙora har abada. Yawancin gudawar ruwa ta ƙananan yara bairos ke kawo ta, wata irin ƙwayar cuta da ba bakteriya ba, antibayotik kuma ba ya taɓa bairos, kamar yadda ba ya taɓa mura. Abin da ke kashe yaro a gudawa ƙarewar ruwan jiki ne. Ki ajiye ƙullin ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, tare da ƙwayar zinki a gida. Zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. In babu ƙullin, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da nono da abinci. Riga-kafin rota, na bairos ɗin da ya fi kawo muguwar gudawar jarirai, ya shiga jerin riga-kafin yara a Najeriya a 2022, kyauta ne, a kai ƙannensa.

Kada ki fahimce ni a kan a guji antibayotik. In kin ga jini a bayan gida, ko numfashi da sauri haƙarƙari na faɗawa, ko yaro ya kasa sha ko kama nono, ko ido ya zurma, ko jijjiga, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata biyu ba, ki ɗauke shi zuwa asibiti a ranar. In an rubuta magani a ba shi daidai awo, daidai lokaci, iya kwanakin da aka ce, kada a rage don a ajiye wa ƙani. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan abin da bai kai awo ba zai koya wa ƙwayoyi jure masa. Sayen kafso biyu na naira kaza a kemis shi ne ainihin abin da ya ji wa tsoro. Kuma duk ranar da ɗanki ya yi zazzaɓin da awo ya nuna ba na sauro ba ne, ki gaya wa likita abin da aka gani a farantinsa, zai taimaka masa wajen zaɓen magani.

Saura kuwa na tsakar gida ne. A sa yaro a fo a juye a masai, domin bayan gidan yaro ba shi da wata tsarki da ta fi ta babba. A ajiye sabulu kusa da buta. A rufe randa, a rataye moɗa mai dogon hannu. Ke malama ce, kina da aji guda na yara kullum. In kika sa tulu da sabulu a ƙofar ajinki, kin taɓa gidaje da yawa a garin.

TAMBAYA

Hajiya, barka da aiki. Ni daga wani gari nake a jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar. Kullum kuna cewa kada a ba yaro antibayotik sai ba shi da lafiya. To ga ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna ɗura wa ɗiyanmu wani maganin ruwa, azitiromaisin, lafiyarsu lau, sun ce yana rage mutuwar yara. Mun rasa wanda za mu bi, ku ko su. Shin mu karɓa ko mu ƙi?

Wani magidanci, daga Tawa

AMSA

Barka kadai, Malam. Tambayarka tana kan hanya, kuma masana kansu sun daɗe suna muhawara a kanta. Ga abin da aka sani.

An yi wani babban gwaji mai suna MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, na Nijar a jihar Doso. Ana ba yara daga wata 1 zuwa wata 59 azitiromaisin sau biyu a shekara, a wasu garuruwan kuma a ba da mai kama da shi wanda ba magani a ciki, don a kwatanta. Sakamakon ya fito a 2018. A ƙasashen uku a haɗe mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100, a Nijar kuwa da kashi 18. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su suka fi amfana. Aka sake wani gwajin mai suna AVENIR a Doso da Tawa, wanda ya fito a 2024, ya nuna ragin kashi 14 in an ba dukkan 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan 'ya'yan mutane ne da yau suke raye.

Amma an biya farashi. Da aka auna bayan gidan yaran Doso bayan shekara uku zuwa huɗu ana rabon, rubutun gado na bijire wa dangin azitiromaisin ya ninka kusan sau bakwai in aka kwatanta da garuruwan da ba a ba su ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ba ta ce a raba ko'ina ba. Ta ce a duba yiwuwar yin sa ga jarirai 'yan wata 1 zuwa wata 11 kawai, a wuraren Afirka kudu da Sahara inda mutuwar jarirai ta haura 60 cikin kowane 1,000, ko ta 'yan ƙasa da shekara biyar ta haura 80, kuma da sharaɗin a riƙa auna bijirewar ƙwayoyi ana tafiya.

Ra'ayina, Malam, in ma'aikatan hukuma ne suka zo da shi, a karɓa. Inda yara ke mutuwa da yawa kuma asibiti na da nisa, ba zan iya ce wa uba ya ƙi abin da aka tabbatar yana ceton rai ba. Awo ɗaya ne, an daidaita shi da girman yaro, an san ranar da aka bayar, akwai masu bin sawu. Wannan daban yake da mutum ya je kasuwa ya sayo kwalba ya riƙa ba yara duk sanda ya ga dama, wanda ba shi da ribar da aka auna sai asarar.

Abin da ke damuna shi ne kada rabon ya zama madadin rijiya mai tsabta da masai da riga-kafi da abinci mai gina jiki. Azitiromaisin yana cikin 'yan magungunan sha da suka rage wa taifot mai taurin kai, irin wanda ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan a 2016. In ya lalace a hannunmu, za mu neme shi. Don haka ku da kuke karɓa kuna da haƙƙin ku tambayi masu rabon: har yaushe za a yi, kuma ana auna ƙwayoyin garinmu? Ku tambaya a gaban mai gari, da mutunci.

TAMBAYA

Anti, ina kiwon kaji kamar 50 a bayan ɗakina, da su nake biya wa yara kuɗin makaranta. Duk sati nakan ɓare ja-da-yalo in zuba musu a ruwa don kada su kamu da ciwo. Wannan ma yana shafar yara?

Mai kiwon kaji, daga Zariya

AMSA

Yana shafar su, 'yar'uwa, Allah ya sa wa kiwon albarka. Kaza ma tana da E. coli a hanjinta, kuma maganin da kike zubawa kaɗan-kaɗan duk sati shi ne daidai abin da ke horar da ita. Ƙwayoyin da suka horu suna fita a kashin kaji tare da ragowar maganin, yaranki suna takawa, ana kuma kwasa a kai gona taki. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006. A 2015 kuma aka gano a aladun ƙasar Sin wani zoben gado da ke kare ƙwaya daga kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai komai ya gaza, kuma ba a jima ba aka riƙa ganin sa a nahiyoyi daban-daban, a dabbobi da mutane.

Ga shi kuma kuɗinki ne ke tafiya a banza. Annobar da ke kwashe kaji lokacin hunturu, wadda malaman dabbobi ke kira Niyukasil, bairos ce, kafso ba ya tare ta. Riga-kafinta ne ke tarewa, ana ɗiga shi a ido ko a zuba a ruwan sha. Ki nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya tsara miki lokutansa, in kun haɗu ku da maƙwabta masu kiwo kwalba ɗaya za ta ishe ku. In kaza ta kwanta da ciwo, ki ware ta, a duba ta, a ba ta abin da ya dace iya kwanakinsa. Ki karanta jikin kwalin, akwai adadin kwanakin da aka ce a jira bayan magani kafin a yanka ko a ci ƙwai, ki cika su ko da mai saye yana tsaye. Ki yi wa akurkin shinge yadda mai rarrafe ba zai kai ba, ki ware takalmi ɗaya na shiga wurin kaji, ki tara kashin a rami can nesa da rijiya ya ruɓe sosai kafin a kai gona. In kin fito daga wurinsu, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki goyonki.